Baƙin 'Yan Wasa a Gasar Cikin Gida: Su Ne Ke Kashe Tawagar Ƙasa?

An gabatar da wannan lacca a wani zauren taro a birnin Sakkwato, gaban masu horar da ƙungiyoyin unguwanni, malaman wasanni na makarantu da matasa 'yan ƙwallo. An rubuto ta daga faifan murya, an rage maimaici da dogayen gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena da ke zaune a sahun gaba, malamaina, kociyoyi, da ƙannena 'yan wasa da na hango can baya, wasunku ko rigar atisaye ba su cire ba, Allah ya saka muku da alheri da kuka zo cikin wannan zafin.

Duk wanda ke shiga gidan kallon ƙwallo a garin nan ya san maganar da za mu tattauna. Da zarar an fitar da wata babbar ƙasa daga gasa, kafin mai gidan kallo ya kashe janareta, wani zai miƙe ya ce: "Ai dole, baƙi sun cika musu gasa, 'ya'yansu na zaman benci." Kowa ya gyaɗa kai, a watse. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiyar ba ta kai rabi ba. Abin da na zo da shi yau shi ne: abin da ke gina tawagar ƙasa shi ne wanda ya koyar da yaro tun yana ɗan shekara goma, da yawan wasannin gaske da yaron ya buga tsakanin shekara 17 zuwa 21. Inda aka tsare waɗannan biyun, baƙo na ƙara wa gasa armashi. Inda aka yi sakaci da su, ko an kori baƙi kaf, tawagar ƙasa ba za ta tashi ba.

Mu fara da Ingila, tunda ita muka fi kallo. Ingila ta ci kofin duniya sau ɗaya, a 1966. Tun daga nan masu sharhi ke neman wanda za su ɗora wa laifin rashin na biyu, kuma yawanci a kan baƙi ake saukewa. To ku lura da wannan. Har zuwa 1978 ƙofar Ingila kusan a rufe take ga ƙwararrun 'yan wasa daga wajen Birtaniya da Ayalan. Sai a shekarar ne aka buɗe, Tottenham ta ɗauko Ardiles da Ricardo Villa daga Ajantina. A waɗancan shekarun da babu baƙi, Ingila ba ta je kofin duniya na 1974 ba, ba ta je na 1978 ba. Da aka fara gasar Firimiya a watan Agustan 1992, baƙi 13 kacal suka buga wasa a makon farko, a duk filayen ƙasar. Me ya biyo baya? Ingila ba ta samu gurbin kofin duniya na 1994 ba, wanda mu muka je Amurka muka buga.

Daga nan ruwa ya ɓalle. A Disambar 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin nan na Bosman, wanda ya hana a ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar a ƙungiya. Kuɗin talabijin ya shigo. Ranar 26 ga Disamba 1999, Chelsea ta je Southampton ta fito da mutum goma sha ɗaya, babu Bature ɗan Birtaniya ko ɗaya, kuma a cikinsu akwai namu, Celestine Babayaro, yaron Kaduna. Jaridun Ingila suka yi ta kururuwa. Da suka kasa zuwa kofin Turai na 2008, sai kowa ya ce ga shi nan, an faɗa.

Amma dubi abin da suka yi a aikace. Ba su kori kowa ba. A 2010 suka kafa doka cewa a jerin 'yan wasa 25 na kowace ƙungiya, waɗanda ba a rena a gida ba kada su wuce 17. A 2012 suka sake fasalin makarantun horar da yara na ƙungiyoyi gaba ɗaya, aka raba su aji-aji, ana zuwa duba su, ana ƙirga awoyin da yaro ke samu da koci. A shekarar suka buɗe cibiyar St George's Park, inda ake horar da kociyoyi da dukkan tawagogin ƙasa. Shekara biyar bayan haka, a 2017, suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 a Koriya ta Kudu, suka ci na 'yan ƙasa da 17 a Indiya. A 2018 manyan suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Rasha, suka buga wasan ƙarshe na kofin Turai a 2021 da 2024. Duk wannan ya faru ne a lokacin da 'yan Ingila ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na masu fara wasa a Firimiya ba. Yaro irin Phil Foden ya tashi yana atisaye kullum da David Silva da De Bruyne. Wa zai ce wannan zama ya cutar da shi? Kuma kada ku manta, a tawagar nan ta 'yan ƙasa da 20 ta 2017 akwai Ademola Lookman, wanda daga baya ya dawo ya sa mana kore da fari, har ya zama gwarzon Afirka na 2024. Makarantar da suka gyara, mu ma mun ci moriyarta.

Jamus ma haka ta bi. Da aka fitar da su tun zagayen farko a kofin Turai na 2000, suka wajabta wa kowace ƙungiyar Bundesliga ta buɗe makarantar yara, in ba haka ba babu lasisi. A 2014 suka ɗaga kofi a Brazil.

Masu ra'ayin a rufe ƙofa suna da nasu hujjoji, kuma bai kamata in ɓoye su ba. Italiya ta rufe ƙofarta bayan Koriya ta Arewa ta kunyata ta a 1966, ba ta buɗe ba sai 1980, kuma a tsakanin nan ta ci kofin Turai na 1968, ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 1970, sannan 'ya'yan wancan zamanin suka ci kofi a 1982. Sai dai Italiyar nan ce ta sake cin kofin duniya a 2006, lokacin da gasarta ke maƙil da baƙi irin su Kaka da Shevchenko, kuma dukkan 'yan wasanta 23 a gida suke bugawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a nahiyarmu take. Masar ta ci kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, ƙarƙashin Hassan Shehata, da tawagar da mafi yawanta daga Al Ahly da Zamalek da Ismaily suka fito. A 2010 ɗin mu ma sun ba mu ci 3 da 1 a Angola. Masar na ƙayyade baƙi, har ta hana ɗauko mai tsaron gida daga waje. To amma me ya riƙe tauraronsu Aboutrika a Alkahira? Albashi mai kyau, fili mai kyau, ƙungiya mai cin kofin nahiya. Kuma 'yan baƙin da suke ɗauka, zaɓa suke yi. Emmanuel Amuneke a Zamalek yake lokacin da ya ci mana ƙwallo biyu a ragar Zambiya a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1994. Junior Ajayi ya yi shekaru a Al Ahly yana cin kofuna. Dokar ta yi aiki ne saboda a bayanta akwai ƙungiyoyi masu tsari.

Inda baƙi ke yin ɓarna a fili shi ne inda aka zubo su lokaci guda domin ado. Ku tuna ƙasar Sin wajen 2016 da 2017. Suka kwaso Oscar, Hulk, Tevez, da namu Mikel da Ighalo da Obafemi Martins, da albashin da ba a taɓa ji ba. Tawagar ƙasarsu ba ta motsa ba. Har yau zuwansu kofin duniya ɗaya ne, a 2002. Jiangsu ta ci gasar ƙasar a 2020, watanni kaɗan bayan haka ƙungiyar ta rushe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saudiyya kuwa abin dubawa ce sosai. A Nuwambar 2022 ta doke Ajantina 2 da 1 a Qatar da tawagar da duk a gida take wasa. Bayan wata guda Ronaldo ya sa hannu a Al Nassr, taurari suka biyo shi, aka kai adadin baƙi takwas a ƙungiya, daga baya goma. Kocinsu na lokacin, Roberto Mancini, ya fito ya koka cewa da yawa daga cikin waɗanda yake gayyata ba sa samun wasa a ƙungiyoyinsu. Lissafin a bayyane yake: in baƙi takwas suka shiga fili, gurbi uku ya rage wa 'yan ƙasa, kuma ɗan Saudiyya bai saba fita waje neman wasa ba, saboda albashin gida ya ishe shi. Yaron Ingila in ya rasa gurbi sai ya tafi aro, ko ya wuce Jamus kamar yadda Sancho ya yi. Na Saudiyya yana zaune a benci da rigar sanyi, shekarunsa na tafiya.

To jama'a, mu dawo gida, domin nan ne zancen ya fi ci mini rai.

Mu a nan, in muna gardamar baƙi, kamar mun manta cewa mu ne baƙin. Mu ne muke cika gasar Beljiyam da Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Gasarmu ta NPFL mai ƙungiyoyi 20 ba ta fama da yawan baƙi. Akwai 'yan Gana da Togo da Benin da Kamaru da Nijar jefi-jefi, amma kusan duk wanda ka gani a fili ɗan ƙasa ne. In da rashin baƙi ke gina tawagar ƙasa, da 'yan wasanmu na gida sun gagari Afirka. Me muka gani? A gasar CHAN, wadda 'yan wasan gida zalla ke bugawa, Maroko ta ba mu 4 da nema a wasan ƙarshe na 2018. A watan Agustan 2025 Sudan ta ba mu 4 da nema, aka fitar da mu tun zagayen farko. Sudan fa, ƙasar da yaƙi ya sa manyan ƙungiyoyinta, Al Hilal da Al Merrikh, suka koma buga gasar Muritaniya. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba.

Da ba haka muke ba. Iyayenmu da ke nan sun tuna ranar 22 ga Maris 1980, da tawagarmu ta ƙasa, Green Eagles a lokacin, suka ci Aljeriya 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Christian Chukwu ya karɓi kofi daga hannun ɗan jihar nan, Shugaba Shehu Shagari, wanda ya ba su gidaje da motoci. Ƙashin bayan tawagar daga Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan ya fito, ƙungiyoyin da suka ci kofin nahiya a 1976 da 1977. A wancan zamanin naira na da daraja, 'yan Gana ne ke tsallakowa su nemi ƙungiya a nan. Zuwansu alama ce ta lafiyar gasar. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, sai hanya ta juya. Stephen Keshi ya tafi Abidjan, ya wuce Beljiyam, Rashidi Yekini ya bi ta Abidjan zuwa Fotugal, sauran suka bi sahu. Tawagar 1994 kusan duk daga waje aka kira su, amma ku tuna, a nan aka rene su, sun buga gasar gida sun ƙosa kafin su fita.

Keshin nan da ya buɗe hanyar fita, shi ne ya dawo a matsayin koci, a 2013 ya tafi kofin Afirka a Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, ana ta zaginsa. Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ya tsare baya tun daga farko har ƙarshe. Sunday Mba ya ci Kwaddibuwa ta su Drogba, ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Keshi ya tara yaran nan a sansani wata da watanni yana gyara su, ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin waɗanda suka ci moriyar wannan tsari akwai ɗan garin nan, Shehu Abdullahi, wanda daga Kano Pillars ya je CHAN ta 2014, ya samu tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya buga kofin duniya na 2018. Shekara goma sha ɗaya bayan nasarar Keshi, da muka je kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024, ɗan wasan gida ɗaya tak ke cikin tawagar, mai tsaron gida na uku daga Enyimba.

Labarin gasar nan da ya fi tsaya mini shi ne na Stanley Nwabali. Yaron nan ya yi shekaru yana tsaron gida a nan, ya zaga ƙungiyoyi har Katsina United, babu wanda ya waiwaye shi. Ya tafi Chippa United a Afirka ta Kudu ya zama baƙo, sai ga koci ya hau jirgi ya je ya gano shi. A wasan kusa da na ƙarshe a Bouaké, shi ya tare fenareti biyu ya fitar da ƙasar da ke ciyar da shi. Su kuma fiye da rabin masu fara musu wasa daga ƙungiya ɗaya suke, Mamelodi Sundowns, wadda ke da baƙi daga Brazil da Chile da Namibiya da Uganda, amma a ƙayyade, kuma zaɓaɓɓu. Yaran sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Suka ɗauki tagulla, sannan suka sha gabanmu a rukunin neman gurbin kofin duniya na 2026, mu kuma Kongo ta fitar da mu da fenareti a Rabat.

Mu Sakkwatawa mun san irin wannan ciniki tun kaka da kakanni. Fatar jar akuyarmu ce fatake ke ɗauka su ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Kaya namu, suna da riba na wani. Haka muke yi da yaranmu yau. Mun ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu. Amma da wuya ka ga yaron da ya haska ya yi kaka biyu cikakku a gasar gida.

Ku je filin Giginya da sassafe, ko kowane fili na unguwa bayan sallar Asuba. Za ka ga yaro ɗan shekara 15, takalminsa na gwanjo ne, an ɗinke bakinsa da zaren buhu, ya ɗaure safa da roba. Koci ɗaya ne da yara arba'in da ƙwallo biyu, ɗayar tana sacewa, sai an bi ta da famfo. Da aljihunsa yake sayen ruwan leda. Yaron na da ƙafar hagu da za ta sa ka tsaya, amma babu wanda ya taɓa nuna masa yadda zai waiga kafin ƙwallo ta iso shi. In Allah ya taimake shi ya samu ƙungiya, zai yi kwana guda a bas zuwa wasan waje, ya sauka da kumburarriyar ƙafa ya buga washegari, kuɗin sa hannu kuma sai an ga hali. Sai dillali ya zo da hoton fili a waya da alkawarin gwaji a wata ƙasa. Na san yaron da mahaifinsa ya sayar da gona a kan irin wannan alkawari, ya dawo bayan watanni babu ƙungiya, babu fasfo. Wane baƙo ne ya tare wa wannan yaron hanya?

Don haka ni ban ƙi baƙi a gasarmu ba, ina ma fatan ranar da za su riƙa rububin zuwa. Amma a sa sharaɗi. Baƙon da za a ɗauka ya zama ya fi na gida a fili, kamar wanda ke buga wa ƙasarsa, irin Fatau Dauda na Gana da ya tsare wa Enyimba gida bayan ya je kofin duniya. Wanda ke cutarwa shi ne baƙon da bai fi yaronmu da komai ba, an kawo shi ne don wani ya samu kasonsa a kuɗin ciniki. Kuma in za a kafa doka, na fi son wadda za ta tilasta wa kowace ƙungiya ta riƙe tawagar yara ta gaske, mai koci da albashi da gasa, ta kuma sa aƙalla ɗan ƙasa da shekara 20 a fili kowane wasa, da shekarun gaskiya. Remo Stars ta gina makarantarta a Ikenne, ta ci gasar 2025. Maroko ta gina makarantar Sarki Muhammad na Shida kusa da Rabat, ta fitar da En-Nesyri da Aguerd da Ounahi, waɗanda suka kai ta wasan kusa da na ƙarshe a Qatar. Sokoto United ma, da sauran ƙungiyoyinmu na arewa maso yamma, ta nan hanyarsu take.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, ƙanena.

Wani matashi ya ce: "Malam, mu ga mu bakin iyaka. In yaro ya zo daga Ƙonni ko Tawa yana son ya buga muna, shi ma baƙo na?"

A wurinmu ɗan uwa ne, wataƙila ma kakarku ɗaya. Daga Illela zuwa Ƙonni ai taku ne. Amma a takarda baƙo ne, tunda hukumar ƙwallon ƙasarsa daban ce, kuma dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da 18 daga wata ƙasa sai da wasu sharuɗɗa, ɗaya daga ciki ya shafi mazauna kusa da iyaka. Roƙona gare ku kociyoyi, kada ku sauya masa suna ko garin haihuwa don a yi masa rajista a matsayin ɗan nan. Ranar da ya yi fice asirin zai tonu, a hukunta ƙungiya, shi kuma a rufe masa hanyar buga wa Nijar da Najeriya baki ɗaya. In ya kai shekaru, a nemo masa takardar sauyin ƙungiya daga hukumarsu, a yi masa kwantiragi a rubuce, a ba mahaifinsa kwafi. In ya fi ɗan wasanku na tsakiya, ku sa shi, naku ya tsaya kusa da shi a atisaye ya koya. In bai fi shi ba, ku gaya masa gaskiya tun kafin ya kwaso kayansa.